Ina mai kasuwanci zai nemi ma'aikaci a arewacin Kamaru?

Mai kantin kayan gini a Garwa, da mai garejin gyaran motoci a Marwa, da mai kamfanin jigilar kaya a Gaundare duk sukan buƙaci ƙarin hannu, amma wurin da ɗaya zai samu wanda yake nema ba lallai ne ya fisshe ɗayan ba. Irin ma'aikacin da ake so shi ne ke nuna inda za a kai sanarwa.

Tun da akwai 'yan uwa da 'ya'yan abokai da ke zaune ba aikin yi, mene ne amfanin yin sanarwa?

Hanyar sanayya ita ce mafi daɗewa, kuma har yau ita ke cike yawancin guraben aiki a kasuwanninmu. Dalilinta a fili yake: wanda zai zauna a kanti yana karɓar kuɗi yana buƙatar mai tsaya masa, kuma idan an san gidansu da ubansa, to akwai wanda za a tunkara ranar da lissafi ya ƙi cika. Ga yaron shago, mai gadi ko mai kula da sito, wannan ya wadatar.

Matsalar tana tasowa ne idan aikin na buƙatar ƙwarewa. Dangi ba su da yawan da za a tabbata akwai akanta ko mai gyaran injin niƙa a cikinsu, don haka sai a ba wanda ke kusa maimakon wanda ya iya. Abu na biyu, wanda 'yan kasuwa ba su cika faɗa a fili ba, shi ne wuyar sallama. Ɗan yayarka da ke zuwa aiki bayan hantsi ba za ka iya korarsa ba sai ka shirya wa taron dangi da zaman sulhu. A ganina abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa hanyoyin biyu: a yi sanarwa domin a samu zaɓi, sa'an nan a nemi wanda aka zaɓa ya kawo mai tsaya masa.

Akwai ofishin gwamnati da ke haɗa masu ɗaukar ma'aikata da masu neman aiki?

Akwai. Asusun samar da ayyukan yi na ƙasa, wanda aka fi sani da FNE, an kafa shi a 1990, kuma yana da ofisoshi a Garwa, Marwa da Gaundare. Masu neman aiki suna yin rajista a can, mai kamfani kuma yana kai bayanin gurbin da yake da shi, sai jami'an su tace masa sunaye su turo waɗanda suka dace, ba tare da ya biya kuɗi ba. Suna kuma da wani shiri na matasan da suka kammala karatu, mai suna PED, inda asusun da kamfani ke raba nauyin alawus ɗin matashi a lokacin da yake koyon aiki. Ƙaramin kamfanin da ke shakkar ɗaukar cikakken albashi tun ranar farko zai amfana da wannan. Sai dai wanda bai yi wa kasuwancinsa rajista ba, zai ga ƙofar ta yi masa ƙunci.

Wanda ke harka a Kusiri kuma yana da reshe a tsallaken kogi, a Injamena, ya sani cewa Chadi na da nata ofishin, ONAPE, kuma dokokinta ne ke aiki a kan wanda aka ɗauka a can.

Rediyo da jarida har yanzu suna da tasiri?

Rediyo yana da shi ƙwarai, domin yana kai wa ga wanda bai iya karatu ba da wanda ke ƙauye. Tashoshin CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, da ke jihohin arewa uku da rediyoyin al'umma suna karanta sanarwa a kan kuɗi, gwargwadon sau nawa aka karanta. Abin lura shi ne harshe: sanarwar da aka karanta da Faransanci kaɗai ta tsallake mutane da yawa, alhali Fulatanci ne harshen kasuwa daga Adamawa har Diamare, yankin Marwa, Larabcin Shuwa kuma shi ke gaba a wajen Kusiri. Mai neman leburori na ɗan lokaci, kamar a kakar auduga ko girbin shinkafa a Yagwa, rediyo ya fi masa komai.

Jarida kuwa, irin su Cameroon Tribune ko L'Oeil du Sahel, ta manyan muƙamai ce da manyan kamfanoni.

To intanet fa?

Intanet kashi biyu ne. Akwai shafukan tallata guraben aiki kamar MinaJobs da LinkedIn, inda masu takardun jami'a ke dubawa. Sun dace da neman akanta, injiniya ko ma'aikacin jinya, amma da yawa daga cikin masu amsawa suna Duwala ko Yawunde, kuma ba kowa ne zai jure zafin Garwa a watan Afrilu ba. Saboda haka a rubuta garin da za a yi aikin a layin farko.

Kashi na biyu shi ne WhatsApp da Facebook, waɗanda suka fi sauri da araha. Sanarwar da aka saka a zauren 'yan kasuwa da safe tana iya kawo kira kafin azahar. Aibinsu shi ne saƙo ba ya mutuwa: wata uku bayan an cike gurbin, ana ci gaba da tura shi daga zaure zuwa zaure. Maganin wannan shi ne rubuta ranar rufewa a jikin hoton sanarwar. Ya kamata kuma a bayyana cewa ba a karɓar kuɗin ajiye takardu, domin 'yan damfara sukan ari sunan kamfani su ce a turo musu kuɗi ta waya, sunan mai kamfanin ne kuma ke ɓaci.

Ina ake samun masu sana'ar hannu da direbobi?

A inda suke aiki. Direban babbar mota a tasha ake tambayarsa, wurin shugabannin ƙungiyar direbobi, waɗanda suka san wanda ke da hannu mai kyau da wanda ya saba kifar da kaya. Makaniki da mai walda da tela kuwa, ubangidan da ya yaye su shi ne shaidarsu. Gwaji na sa'a guda ya fi kowace takarda: a ajiye wa makaniki injin da ya ƙi tashi, a tsaya a ga ko zai fara da sauraro da dubawa ko kuwa da kwance ƙusoshi.

Makarantu ma wuri ne da ake mantawa da shi. Jami'ar Gaundare, wadda aka kafa a 1993, tana da makarantar ENSAI da ke horar da injiniyoyin sarrafa amfanin gona da abinci. Jami'ar Marwa ta zo a 2008, ta Garwa kuma a 2022. Ɗalibansu da na makarantun fasaha suna neman wurin koyon aiki kowace shekara, kuma wata biyu da ɗalibi zai yi a kamfani sun isa a gane halinsa kafin a yi masa tayi.

Me ya kamata sanarwa ta ƙunsa, kuma me doka ke nema bayan an ɗauki mutum?

Sunan aikin, wurinsa, lokutan aiki, harsunan da ake buƙata, takardun da za a kawo da ranar rufewa. Mutane da yawa suna ɓoye albashi don a yi ciniki, amma hakan na jawo waɗanda za su tashi da zarar sun ji adadin. A 2023 gwamnati ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a sefa 45,000 a wata a fannin noma, da sefa 60,000 a sauran fannoni masu zaman kansu, don haka tayi ba zai sauka ƙasa da nan ba.

Dokar ƙwadago ta 1992 ta yarda da lokacin gwaji, amma dole ya kasance a rubuce, kuma ba ya wuce wata shida har da sabuntawa, ko wata takwas ga manyan ma'aikata. Ta kuma hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Mai kamfani ne ke da alhakin yi wa sabon ma'aikaci rajista a CNPS, asusun da ke biyan fansho da diyyar haɗarin aiki, da kuma zuba kasonsa da na ma'aikacin a kan kari.