Nema wa Mata Bizar Zama a Amurka Alhali Kana Zaune a Waje: Inda Takardu Suke Cijewa

Ɗan ƙasar Amurka da ke zaune a wata ƙasa, ko aiki ne ya kai shi ko karatu ko aure, yana iya nema wa matarsa bizar zama a Amurka tun bai koma ba. Doka ba ta ce sai ƙafarsa tana cikin ƙasar zai shigar da buƙata ba. Sai dai akwai sharaɗi guda da ke jiransa a tsakiyar hanya, wato sharaɗin mazauni, kuma a nan ne mazauna waje suka fi tuntuɓe. Za mu yi bayanin kamar miji ne ɗan ƙasa, matar kuma baƙuwa. Idan mace ce 'yar ƙasa, hukuncin bai canza ba.

Matakin farko shi ne fom I-130, wanda ake miƙa wa hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, tare da I-130A mai ɗauke da bayanan matar. Tun daga 1 ga Afrilun 2024 kuɗinsa dala 625 ne ta intanet, dala 675 a takarda. Ga mazaunin waje intanet ya fi sauƙi, domin ta nan zai ga saƙon hukuma a kan kari, maimakon jiran wasiƙar da za ta iya iso shi bayan wa'adin amsa ya wuce. Abin da fom ɗin yake son tabbatarwa biyu ne kacal: kai ɗan ƙasa ne, kuma auren halastacce ne na gaskiya. Za a haɗa kwafin fasfo ko takardar zama ɗan ƙasa, takardar aure daga hukumar da ƙasar ta amince da ita, da shaidar ƙarewar duk wani aure da ɗayanku ya taɓa yi, ta saki ko ta rasuwa. Duk takardar da ba da Turanci take ba sai an fassara ta, mai fassarar ya sa hannu cewa fassarar daidai ce. Ma'auratan da ke zaune gida ɗaya a waje ba sa shan wahalar shaida: yarjejeniyar haya mai sunayensu biyu, asusun banki na haɗin gwiwa da takardun haihuwar 'ya'ya sun fi tarin hotuna nauyi.

Abu biyu kan rusa buƙata tun a wannan mataki. Auren da aka ɗaura ta hannun wakilai, ango da amarya ba sa wuri ɗaya, dokar shige da ficen Amurka ba ta lissafa shi sai an nuna cewa ma'auratan sun tare bayan ɗaurin. Na biyu, mai mace fiye da ɗaya: auren farko kaɗai ake gani, kuma wanda zai shiga ƙasar don ci gaba da zama da mata fiye da ɗaya doka ta hana masa biza. Auren bogi kuwa hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5 ko tarar dala 250,000, kuma wadda aka kama da shi ba za a sake amincewa da wata buƙata dominta ba.

Mutane kan tambayi ko za su iya kai I-130 kai tsaye ofishin jakadanci, kamar yadda aka saba a wasu ƙasashe a da. Tun Fabrairun 2020 wannan ƙofa ta ƙuntata. Ofishin jakadanci yana karɓa ne kawai idan akwai larura: rashin lafiya na gaggawa, barazana ga rai, sojan da aka sauya wa wurin aiki ba zato, ko wanda aka ba aiki a Amurka da gajeren wa'adin kama aiki. Ko a haka ma ganin dama ne na jami'in, kuma wanda ya riga ya shigar da fom ɗin ga USCIS ya rufe wa kansa wannan hanya.

Idan USCIS ta amince, fayil ɗin yakan wuce cibiyar biza ta ƙasa, NVC, da ke jihar New Hampshire. Matar ɗan ƙasa tana cikin rukunin dangi na kusa, waɗanda ba a ƙayyade musu adadin biza a shekara ba, don haka babu layin jiran lamba. A nan za a biya dala 325 na biza da dala 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, matar ta cike DS-260, wato fom ɗin neman biza, a ɗora takardu. Daga cikinsu akwai shaidar 'yan sanda: daga ƙasarta da ƙasar da take zaune idan ta yi wata 6 a ciki, daga duk wata ƙasa da ta yi wata 12 bayan ta cika shekara 16, da duk inda aka taɓa kama ta komai gajartar zaman.

Sai I-864, uwar takardun

Wannan fom na ɗaukar nauyi rantsuwa ce, kuma yarjejeniya ce tsakaninka da gwamnatin Amurka, wadda ta samo asali daga dokar 1996. Kana alƙawarin riƙe matar a matakin da bai gaza kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba. Saki ba ya warware alƙawarin. Yana ƙarewa ne idan ta zama 'yar ƙasa, ko aka lissafa mata zango 40 na aiki, wato kimanin shekara goma, ko ta bar ƙasar ta rasa izinin zamanta, ko ɗayanku ya rasu. Mai sa hannu dole ya cika shekara 18, kuma dole mazauninsa ya kasance a Amurka.

Mazauni a wannan doka yana nufin inda gidanka na asali yake, inda kake da niyyar ci gaba da zama. Mazaunin waje yana da hanya uku ta cika sharaɗin.

Ta farko ta masu aikin da doka ta ɗauka tamkar suna gida ce: ma'aikatan gwamnatin Amurka har da sojoji, ma'aikatan kamfanin Amurka da ke harkar kasuwancin ƙetare, na cibiyar binciken Amurka da gwamnati ta amince da ita, na ƙungiyar ƙasa da ƙasa da Amurka take mamba a cikinta, da masu aikin addini a ƙarƙashin ƙungiyar da ke da tsari a Amurka. Su wasiƙar wurin aiki ta wadatar.

Ta biyu ita ce ka nuna cewa fitarka ta ɗan lokaci ce, ba ka taɓa sakin mazauninka ba. Ɗalibi ko mai kwantiragin shekara biyu yana iya bin ta idan yana da adireshi a can, yana biyan harajin jiha, yana kaɗa ƙuri'a, asusunsa na banki yana motsi. Wanda ya yi shekara goma sha biyar a waje, ya gina gida, ya kafa sana'a, kada ya gwada wannan hanya. Jami'in ba zai gamsu ba, kuma da gaskiyarsa.

Ta uku ce ta yawancin mutane: ka amsa cewa mazauninka a waje yake yanzu, amma za ka maido shi Amurka kafin ranar da matarka za ta shiga, ko a ranar. Niyya ta fatar baki ba ta isa ba, ana son a ga matakan da ka riga ka ɗauka. Mafi ƙarfinsu takardar ɗaukar aiki mai ranar farawa, sai yarjejeniyar haya ko sayen gida, rajistar yara a makaranta, tura kuɗi zuwa asusun Amurka, takardar ajiye aiki a inda kake, da rasit na kamfanin da zai yi jigilar kaya. Wanda zai sauka gidan iyaye ko ɗan'uwa ya karɓo wasiƙa daga mai gidan tare da shaidar cewa gidan nasa ne. A ganinmu shaida uku masu kwanan wata sun fi shafi goma na bayanin buri. Ofisoshin jakadanci sun bambanta wajen tsanani, kuma akwai inda jami'i zai ce sai mijin ya koma tukuna ya aiko da shaida. Ma'aurata su tattauna wannan tun da wuri, domin yana iya raba su na wasu watanni.

Ga abin da ya kamata a riƙe da kyau: ana iya aron kuɗi a wannan fom, amma ba a aron mazauni. Ko da attajiri ya tsaya maka a matsayin mai taya ɗaukar nauyi, dole kai ma ka cike naka I-864, kuma idan mazauninka bai tabbata ba, nasa fom ɗin ba zai yi aiki ba.

Lissafin kuɗin

A ma'aunin 2025, gida mai mutum 2 yana buƙatar dala 26,437 a shekara, mai mutum 3 dala 33,312, mai mutum 4 dala 40,187. Na Alaska da Hawaii ya fi haka, kuma ana sabunta adadin duk shekara a fom I-864P. Soja mai bakin aiki da ke nema wa matarsa kashi 100 kawai ake nema a wurinsa. A ƙidayar gida za ka sa kanka, matar, 'ya'yan da ke ƙarƙashinka, duk wanda ka rubuta a takardar haraji a matsayin wanda kake ciyarwa, da wanda ka taɓa yi wa I-864 alƙawarin bai ƙare ba.

Abin da ke ba mazauna waje mamaki shi ne albashinsu na can, komai tsokarsa, ba ya shiga lissafi idan zai tsaya ranar da suka tashi. Kuɗin da zai ci gaba da shigowa bayan komawa shi ake dubawa: fansho, kuɗin haya, ko aikin da mai kamfani ya rubuta cewa za a ci gaba da yi daga Amurka. Albashin matar ma haka, sai in zai ci gaba daga tushe ɗaya.

Idan kuɗin shiga ya gaza, kadara tana cike giɓi, kuma ga matar ɗan ƙasa ninki uku na giɓin ake nema, ba ninki biyar da ake nema a yawancin sauran dangi ba. Misali gida mai mutum 4, mijin yana da aikin dala 30,000 da zai ci gaba. Giɓin dala 10,187 ne, don haka kadarar dala 30,561 ta isa. Ma'auratan da ba su da ɗa kuma ba su da kuɗin shiga mai ɗorewa za su nuna dala 79,311. Kadarar matar tana shiga. Sharaɗin shi ne a iya mayar da ita tsabar kuɗi cikin shekara guda, kuma idan a waje take, a iya fitar da kuɗin daga ƙasar. Gida ana lissafa abin da ya rage ne bayan an cire bashin da ke kansa, tare da takardar mai kimantawa. Idan duk wannan bai kai ba, sai a nemi mai taya ɗaukar nauyi: ɗan ƙasa ko mai katin zama, mazaunin Amurka, ko da ba dangi ba ne. Shi kaɗai zai cika adadin, na gidansa haɗe da matarka, ba a tara kuɗinsa da naka.

Haraji shi ne ramin da ba a hango shi. Amurka tana bin 'yan ƙasarta da cike takardar haraji ko ina suke zaune, kuma I-864 yana neman ta shekarar da ta gabata. Mai aure da ke cikewa shi kaɗai, ba tare da matarsa ba, wajibi ne ya cike da zarar kuɗin shigarsa ya kai dala 5. Wanda ya yi shekaru bai cike ba ya gyara da hukumar haraji ta IRS kafin fayil ya isa NVC. Galibi ba ya zama bashi mai yawa, saboda fom 2555 yana ba da damar cire albashin waje har dala 126,500 a shekarar 2024. Amma wannan cirewar tana sa jimillar kuɗin shiga ta fito kusan sifili a takarda, don haka a haɗa da ɗan bayani da shaidar kuɗin da ake samu yanzu.

'Ya'ya ba sa bin bizar uwarsu a wannan rukuni. Kowane agola sai an shigar masa da I-130 nasa, kuma sai in an ɗaura auren kafin ya cika shekara 18. 'Ya'yanku na cikinku kuwa wataƙila 'yan ƙasa ne tun haihuwa, idan kai ka zauna a Amurka shekara 5, biyu daga ciki bayan ka cika 14. Irin waɗannan rajistar haihuwa da fasfo za a yi musu a ofishin jakadanci, ba biza ba.

Daga nan sai gwajin lafiya wurin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, sai ganawa da jami'i, inda matar za ta je da takardun asali. Idan wani abu ya gaza, za a ba ta takarda a ƙarƙashin sashe na 221(g) na dokar shige da fice, wadda ke nufin an dakatar sai an kawo abin da ya rage. A duba kuma ƙasar da matar take riƙe da fasfonta, domin tun Yunin 2025 akwai umarnin shugaban ƙasa da ke taƙaita biza ga 'yan wasu ƙasashe, kuma jerin yana sauyawa.

Lokaci yana buƙatar dabara, saboda bizar ta ƙaura ce, ba ta ajiya ba. Neman bizar gaba ɗaya yakan haura shekara, amma da zarar an buga biza wa'adinta bai wuce wata 6 ba, kuma yakan bi ranar gwajin lafiya. Wanda bai shirya tashi ba yana iya jan ƙafa a matakin NVC, muddin bai bar shekara guda ta wuce ba tare da ya tuntuɓe su ba, in ba haka ba za a fara shirin soke fayil ɗin. Matar ba za ta riga mijin shiga ba, ko su shiga tare ko ya riga ta. Shiga da bizar ziyara da niyyar zama kuwa yaudarar jami'i ce, kuma tana iya jawo haramci na har abada.

Kafin tafiya a biya wa USCIS dala 235 na buga katin zama. Hatimin da za a buga a fasfo a filin jirgi yana tsaya wa katin har shekara guda, tana iya aiki da shi. Nau'in katin ya danganta da shekarun auren a ranar shiga, ba ranar ganawa ba. Idan auren bai cika shekara 2 ba, katin na sharaɗi ne mai shekara 2, kuma sai kun shigar da I-751, fom ɗin cire sharaɗin, tare cikin kwana 90 na ƙarshen wa'adinsa. Idan ya cika, katin shekara 10 ne. Saboda haka ma'auratan da aurensu zai cika shekara biyu a cikin wa'adin bizar, in sun jinkirta tafiya zuwa bayan ranar, sun huta da I-751 da kuɗinsa, ko da CR1, alamar kati na sharaɗi, aka rubuta a kan bizar. Su riƙe takardar auren a hannu su nuna wa jami'in filin jirgi kwanan watan.