Mayar da kamshaf da saita taimin bayan gyaran kan inji

Kamshaf sandar ƙarfe ce mai tozaye a jikinta, wadda ke danna bawul su buɗe a kan lokaci. A inji mai bugu huɗu, idan karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ya zagaya sau 2, kamshaf sau 1 yake zagayawa, shi ya sa haƙoran fulinsa suka ninka na karanshaf. Wannan daidaito da ke tsakaninsu shi ake kira taimin. A injin da kamshaf ke zaune a samansa, duk sanda aka sauke kan inji, wato top silinda, don sauya gasket ko gyaran bawul, sai an sake saita shi daga farko.

Kafin a ɗora kamshaf, a wanke kujerunsa, a busa hanyoyin mai da iska, a shafa man inji mai tsabta a tozaye da duk inda yake kwanciya. A inji mai silinda 4 a jere, ana mayar da karanshaf baya da digiri 90 daga saman bugu, wato inda fistin na 1 ke kai ƙololuwa, domin fistin su tsaya a tsakiyar hanya, kada bawul ya taɓa su lokacin ɗauri. Murafen da ke riƙe kamshaf suna da lamba da kibiya mai duban gaban inji. Tare da kan injin aka huda su a masana'anta, don haka kowane murfi gurbinsa ɗaya ne. Idan aka musanya su, kamshaf zai cije ko ya cinye kujerarsa. Ana ɗaure su kaɗan-kaɗan a zagaye biyu ko uku, bisa jerin da littafin motar ya nuna. Ɗaure murfi guda har ƙarshe alhali sifirin na bawul yana tura sandar sama na iya karya ta. Ƙananan notocin M6 (masu zaren milimita 6) yawanci kusan Nm 10 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) suke ɗauka, kuma zaren alminiyom ba ya jure ƙari, saboda haka sifanar auna ɗauri wajibi ce a nan.

Daga nan sai a daidaita alamar fulin kamshaf da ta jikin kan inji, a dawo da karanshaf a hankali har fistin na 1 ya kai ƙololuwa, alamar fulin karanshaf ta hau ta jikin inji. A wannan matsayi bawul ɗin silinda ta 1 duk a rufe suke. Ana fara sa bel ɗin da ke haɗa fulin biyu daga fulin karanshaf, a ja shi ya miƙe ta ɓangaren da ba tenshina, wato abin da ke ɗaure bel, a bar sakin duka ya taru wajen tenshina. Wanda ya bar saki a ɗaya ɓangaren zai ga alama ta goce da zarar bel ya ɗaure. Gocewar haƙori ɗaya ba ƙaramin abu ba ne: a fuli mai haƙora 40, digiri 9 ne na kamshaf, wato 18 na karanshaf. Bel da mai ya jiƙa ba a mayar da shi.

Gwajin da bai kamata a tsallake ba shi ne juya inji da hannu zagaye 2 cikakku, fulogi a cire, ta inda yake juyawa idan yana aiki. Idan an ji ya toge, a tsaya, domin a injuna da yawa fistin da bawul wuri guda suke ratsawa a lokuta daban, kuma tilasta shi lanƙwasa bawul ne. Bayan zagayen, alamomin fuli su koma daidai. A inji mai sarƙa, mahaɗan masu launi na ɗorawar farko ne kawai, ba sa dawowa kan alama bayan zagaye 2, kuma wannan ba laifi ba ne.

Idan an kankare fuskar kan inji, tazarar da ke tsakanin kamshaf da karanshaf tana raguwa, taimin ya ɗan makara. Kankara mai yawa kan sa a nemi gasket mai kauri. Inda bawul ke da saiti, a auna ratarsa inji na sanyi, yawanci tsakanin milimita 0.15 da 0.30. Taimin da ya goce kan bayyana da wahalar tashi, rashin ƙarfi, harbi ta salansa, ko lambar P0016 a na'urar bincike.