Wai me ake nufi da kiraf biya, kuma ina bambancinta da ta gida da ta waje?

Yanzu duk inda ake hirar giya a intanet sai kaji an jefo craft beer, kiraf biya kenan, har ta kai ko wanda bai taɓa kai kwalba bakinsa ba ya san kalmar. Da yawa sun ɗauka wani kalar giya ne daban, wai mai tsada ko mai ƙarfi ko wadda ta fi sauran daɗi. Toh ba haka abin yake ba. Magana ce a kan waye ya dafa giyar, nawa yake dafawa a shekara, kuma kamfanin yana hannun wa.

A Amurka, inda abin ya fi tashe, ƙungiyar Brewers Association ce ta gindaya sharaɗi. Kada abin da kamfani ke fitarwa ya wuce ganga miliyan 6 a shekara, sannan kada wani babban kamfanin barasa ya mallaki kashi 25 cikin 100 nasa ko sama da haka. Ganga ɗaya kusan lita 117 ce, kaga ana maganar sama da lita miliyan 700 kenan amma ana ce masa ƙarami, ni dai abin na ban dariya. Da can ma miliyan 2 ce iyakar, a 2011 aka ɗaga ta, daidai lokacin da Boston Beer masu Samuel Adams suke dab da tsallake layin. Wannan fa ma'aunin ƙungiya ne ba dokar gwamnati ba, a ƙasashe da yawa kowa na iya buga kalmar a jikin kwalba ba mai tuhumarsa.

Asalin abin gajiya ce. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin giya a duk faɗin Amurka basu kai 100 ba, manya sun haɗiye ƙanana, kuma kusan duk abu ɗaya suke yi, laga mai ruwa-ruwa da in an rufe maka ido ba zaka banbance ta wannan da ta wancan ba. Tun 1965 Fritz Maytag ya sayi kamfanin giya na Anchor a San Francisco tana gab da durƙushewa ya farfaɗo da ita, a 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutane damar dafa giya a gida, sai masu gwaji a kicin da gareji suka fara zama 'yan kasuwa, cikinsu har da Ken Grossman na Sierra Nevada a 1980. 'Yan Ingila ma tun 1971 suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar gargajiya ta ganga. Yau kamfanonin a Amurka sun haura 9,000.

Kayan haɗin kam duk ɗaya ne da na manyan kamfanoni: ruwa, tsiron sha'ir, yis, da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hops. Inda ake rabuwa shine yadda ake wasa da su. Yis ɗin ma iri biyu ne manya, na giyar el, wato ale, yana aiki da ɗan ɗumi, wajen digiri 15 zuwa 24, cikin kwanaki ya gama kuma yana barin ƙamshi kamar na 'ya'yan itace, na laga kuma sai da sanyi, wajen 7 zuwa 13, sannan a ajiye ta makonni ta kwanta, shi yasa take fitowa garau ba hayaniya a baki. Ƙaramin kamfani da bashi da tankuna da yawa ba zai so giya ta kwana masa makonni a tanki ba, wannan na cikin dalilan da yasa yawancinsu suka fi karkata ga el. Sha'ir kuma gwargwadon gashin da yasha haka launin zai kasance, in an gasa shi ya yi baƙi sai ka samu stout mai ɗanɗanon kofi-kofi, baƙin nan ba wai ƙarfi yake nunawa ba.

Hops shine ɗan lelen 'yan kiraf. In an zuba shi da wuri a tukunya ɗaci yake bayarwa, in a ƙarshe ne ko bayan an sauke sai ƙamshi, kuma daga nan IPA, wato India Pale Ale, ta samo farin jininta, wadda sunanta ya samo asali daga giyar da Ingila ke turawa Indiya a jirgin ruwa zamanin mulkin mallaka. A jikin gwangwani zaka ga ABV, wato yawan barasar da ke ciki, galibin laga 4 zuwa 5 cikin 100, IPA kuma 6 zuwa 7 wasu ma sun zarce. Wani lokaci akwai IBU, ma'aunin ɗaci, shi kam kada ka ɗauke shi da zafi don zaƙin sha'ir na iya danne ɗacin.

Da manyan kamfanoni suka ga kasuwa na zamewa sai suka buɗe jaka. Anheuser-Busch ta sayi Goose Island a 2011, Constellation ta sayi Ballast Point a 2015 kan dala biliyan 1, Heineken ta gama mallake Lagunitas a 2017, ita kanta Anchor a wannan shekarar Sapporo na Japan suka saye ta, 2023 aka rufe. Kwalba na nan yadda take, zanen na nan, ɗan labarin da ake rubutawa a baya na nan, mai gida ne kawai ya canza. Shi yasa a 2017 ƙungiyar Brewers Association ta fito da tambarin kwalba a kife don a gane masu cin gashin kansu.

Ta gida da ta waje kuma maganar wuri ce kawai, kiraf na iya zama ko wacce. Ba duk mai sunan waje bace ta ketaro teku, da yawa da lasisi ake dafa su a ƙasar da ake sayarwa, duba ƙananan rubutun baya zaka gani. Wadda ta ketaro da gaske kuma tasha hanya, zafi da daɗewa na kashe ƙamshin hops cikin 'yan watanni har ta fara ɗanɗanon kwali, haske kuma in ya ratsa koriyar kwalba ko fara sai ta ɗauki wani irin wari mara daɗi, kwalba mai ruwan ƙasa da gwangwani sun fi karewa. Don haka IPA da ta zo daga nesa ta kwana a sito sau tari wadda aka dafa kusa satin jiya ta fi ta, ko da sunan waccan ya fi girma. Masu ƙarfi irin na 'yan zuhudun Trappist a Beljiyam ne dai tafiya bata cika damunsu ba, wasu ma da gangan ake ajiye su shekaru.

Masu gwadawa su kwatanta ƙananan kofuna suke jerawa, huɗu ko biyar, su fara da mara nauyi su ƙare da mai ɗaci ko mai ƙarfi, don in ka fara da IPA harshe ya mutu sauran duk kamar ruwa zaka ji su. Basa bari tayi sanyi ƙarara saboda sanyi na ɓoye ɗanɗano, mai kyau da mara kyau duka. Kuma iri ɗaya ake haɗawa, laga da laga, stout da stout, ba a ɗauko filsna, lagar garin Plzeň na ƙasar Czech, da aka fara a 1842 a gwada ta da IPA a ce wai ta gaza. A gasanni ma alƙalai basa ganin kwalbar sam, lamba kawai ake rubuta wa kofin, haka ake yi har a rukunin marasa barasa, masu ƙasa da 0.5 cikin 100, da su Athletic Brewing suka shigo da su harkar kiraf tun 2017.