Layin Dogon Kano zuwa Maraɗi: Idan Gona Ta Tafi, Me Doka Ta Ce a Biya?

Tun lokacin da aka fara kafa turaku a gonakin da layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa, maganganu biyu ke yawo a majalisu da WhatsApp, kuma kowacce tana jawo wa mutane asara. Ta farko, wai wanda ba shi da satifiket ɗin fili ya haƙura kawai, ko sisi ba zai gani ba. Ta biyu kuma, wai duk wanda dogo ya bi ta gonarsa kakarsa ta yanke saƙa, za a biya shi farashin fulotai na kasuwa. Mai gaskata ta farko shi ne ke sakar wa dillali gonar gado da araha don gudun tashi a tutar babu. Mai gaskata ta biyu kuma yana cin bashi a kan kuɗin da ba za su zo ba. Doka ba ta faɗi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Aikin dai sananne ne. Majalisar zartaswa ta tarayya ta amince da shi a Satumban 2020, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kusan dala biliyan 2, aka aza harsashi a Fabrairun 2021. Tsawonsa kimanin kilomita 284, daga Kano ya bi Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya ya tsallaka Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Hujjar gwamnati a lokacin ita ce Nijar ba ta da teku, yawancin kayanta ta Kwatano suke bi, kuma idan dogo ya haɗa Maraɗi da Kano, Kano da Legas, wannan ciniki zai juyo ta nan, kasuwar Dawanau da tashar tsandauri ta Dala da masana'antun Sharaɗa da Challawa su amfana. Ina cikin masu son a gama shi. Amma dogo a kan ƙasa ake shimfiɗa shi, ƙasar kuwa akwai masu ci daga gare ta.

Dokar da ke aiki a nan ita ce Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa. Sashenta na farko ya damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da ke hannunka, a idon doka, haƙƙin zama da amfani ne. A Arewa wannan ba baƙo ba ne, tun 1910 Turawa suka shimfiɗa tsarin, dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta ɗora a kai. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙi saboda amfanin jama'a, kuma idan gwamnatin tarayya ce ta sanar tana buƙatar filin, dole gwamna ya soke. Shi ya sa, ko da yake aikin na tarayya ne, ma'aikatar filaye ta jiharka ce ƙofar farko da za ka ƙwanƙwasa.

Batun satifiket gajere ne. Sashe na 36 ya ce gonar karkara da ake nomawa tun kafin 1978 tana nan a hannun mai ita tamkar ƙaramar hukuma ta ba shi haƙƙin gargajiya, da takarda ko babu. Magada suna ciki. Wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina ma yana da rabo, don sashe na 29 ya ce a biya mai haƙƙi da wanda ke kan filin, kowa gwargwadon abin da yake da shi a wurin. Makiyayi da aka datse wa burtali ne dokar ta bari ba wani abin kamawa.

Inda ake rikicewa shi ne abin da ake biya. Dokar ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da ta tanada a kan ƙasa shi ne kuɗin hayar da ka biya gwamnati a shekarar da aka soke haƙƙin, idan ka biya. Manomin Mashi ko na Kazaure da bai taɓa biyan irin wannan haya ba, rabonsa a wannan ɓangaren babu. Diyyar gaske tana kan abin da ka kashe kuɗi ko ƙarfi ka kafa a filin kuma yake nan ranar sokewa: gini, rijiya, shinge, magudanar ban-ruwa, itatuwa masu daɗewa, da amfanin da ke tsaye a gona. Gini ana ƙiyasta abin da zai ci a sake irinsa, a cire tsufan da ya yi, kuma idan an jinkirta biya akwai ƙari bisa lissafin banki. Shuka da itatuwa kuwa jami'in gwamnati ne ke sa musu farashi daga jadawali. Jadawalin tarayya ya zauna tun 2008 ba a taɓa shi ba sai a 2024 da ma'aikatar gidaje, ƙarƙashin minista Ahmed Musa Dangiwa, ta sabunta shi. Duk wanda ake wa ƙiyasi yana da dalilin tambaya, da wane jadawali ake lissafa mangwaronsa da ɗorawarsa.

Akwai wata jimla a sashe na 51 da duk lokacin da na karanta take sosa mini rai. Bayan ta lissafa abubuwan da ake biya, sai ta ce ban da abin da noma na yau da kullum ya haifar, in ban da amfanin da ke tsaye. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Katsina ya san abin da wannan ke nufi. Gonar da ke ba da damin gero mai kyau ba daga sama ta faɗo ba. Takin gida ne da aka yi shekara da shekaru ana ɗora wa jaki a mangala da rani, kaka ya zuba, uba ya zuba, ɗa ya zuba. Gawon da aka bari ya girma a tsakiyar gona don ya ciyar da ƙasa, shi ma dabara ce ta manomi. A lissafin doka wannan gona da fako duk ɗaya ne idan aka zo aunawa bayan girbi. Mai gida na bulo a bakin titi zai iya fita da abin kirki, manomin da duk dukiyarsa tana cikin ƙasa shi ne ke fita da ɗan abin da ba zai sayi rabin irin gonarsa ba.

Sai dai akwai wani haƙƙi da da yawa ba su san da shi ba. Sashe na 6 ya ce idan aka soke haƙƙin gargajiya a kan filin da ake nomawa, ƙaramar hukuma za ta ba mai shi wani filin noma a madadinsa. Kalmar da aka yi amfani da ita ta wajibci ce. Gaskiya ne a wuraren da jama'a ta yi yawa ba kowace ƙaramar hukuma ke da dajin da za ta raba ba, amma wannan bai goge sashen ba, kuma wanda bai nema a rubuce ba ba za a tuna da shi ba. Mai gidan zama kuma ana iya yi masa tayin wani matsuguni maimakon kuɗi, a ƙarƙashin sashe na 33. A nan a buɗe ido kafin a sa hannu: wanda ya karɓa ya rufe ƙofar neman ƙarin diyya, kuma idan darajar sabon wurin ta fi diyyar da ta kamata a biya shi, ana iya yarjejeniya bambancin ya zama bashi a kansa.

Masu saye da sayarwa a gefen dogo su ma akwai abin da ya kamata su sani. Sayar da haƙƙin gargajiya ba tare da yardar ƙaramar hukuma ba, ko na satifiket ba tare da yardar gwamna ba, cinikin banza ne a idon doka. Gonakin da ke ƙarƙashin sashe na 36 ma an hana yanka su fulotai ko miƙa su ga wani, kuma duk wanda ke cikin irin wannan yarjejeniya, mai saye da mai sayarwa, zai iya fuskantar tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara 1. Tarar ta zama ba komai yau, an sa ta ne lokacin da naira ta fi dala daraja, kuma kowa ya san kullum ana cinikin gona a gaban dagaci ba wanda aka kama. Haɗarin gaske yana wajen biya, inda mai riƙe da irin wannan takarda zai iya tarar da ba a san da shi ba. Haka masu tayar da gini cikin dare bayan an ba da sanarwa. Haƙƙi yana ƙarewa ne daga lokacin da sanarwar sokewa ta isa hannun mai shi, ko ranar da aka ambata a cikinta, kuma ana ƙiyasi ne da abin da ke filin a ranar.

Wannan sanarwa ba ƙaramin abu ba ce. Dole jami'in da gwamna ya ba izini ya sa mata hannu, a kai wa mai filin ko a bar ta a gidansa, in ba a same shi ba a manna a wurin. Kotun Ƙoli ta sha rushe sokewar da aka yi ba tare da sanarwa ba. Shela a masallaci ko ganin katafila a bakin gona ba sa maye gurbinta.

Masu cewa ba a kai gwamnati ƙara a kan diyya suna da inda suka samo maganar. Sashe na 30 ya tura saɓanin yawan kuɗi ga Kwamitin Amfani da Rabon Filaye na jiha, sashe na 47 kuma ya ce kotu ba ta da hurumin duba ko diyyar ta wadatar. Amma sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya cikin gaggawa, ya kuma ba mai ƙorafi damar zuwa kotu a kan haƙƙinsa da yawan kuɗin, kuma tun a shekarun 1980 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fifita tsarin mulkin lokacin a kan wancan hani. A fara da kwamitin, a rubuce, da kwafin takardar ƙiyasi da hotunan gona da itatuwa, amma a san cewa ba shi ne ƙarshen hanya ba.

Abin da ya fi damuna yana gaba. "Amfanin jama'a" a sashe na 51 bai tsaya kan inda ƙarfen dogo zai kwanta ba. Ya haɗa da filin da darajarsa za ta tashi saboda gina layin dogo, da wanda ake buƙata don bunƙasa masana'antu. Wato idan tasha ta kankama a Daura ko Jibiya, aka zo neman wurin rumbunan ajiya da kamfanonin sarrafa riɗi da gyaɗa, doka ta ba da damar a karɓi gonakin kewaye a kan wannan tsohon lissafi, ribar tashin farashi ta wuce mai gona. Iyakar da kotuna suka ja ita ce ba a ƙwace wa wani a ba wani don amfanin kansa da sunan jama'a.

Da an wuce Jibiya an shiga Ɗan Isa, lissafin ya sauya. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta yarda ana mallakar ƙasa ta hanyar gargajiya kamar yadda ake mallakarta da takarda, dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961 da aka gyara a 2008 kuma ta gindaya diyya mai adalci kafin a karɓa. Dangi ɗaya ne a tsallaken biyu, jirgi ɗaya zai ratsa gonakinsu, amma a rubuce ɗaya ana biyansa ƙasarsa, ɗaya ana biyansa abin da ke kanta kawai.

Akan ce gyara dokar 1978 yana da wuya saboda sashe na 315 na tsarin mulki ya ɗaure ta a jikinsa, sai da kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tura ƙudurin gyara a 2009 bai kai labari ba. Amma ta wannan hanyar aka bi a Maris ɗin 2023 aka gyara tsarin mulki don jihohi su sami ikon gina layin dogo nasu. Jihohin da suka amince da wancan gyara su ne za su zo neman ƙarin gonaki, kuma sashe na 29 yana nan yadda sojoji suka rubuta shi.