Kafin a Loda Masarar Bana, a Leƙa Birkin A-kori-kura

Ni malamin gona ne, ba bakanike ba, kuma na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Abin da ya haɗa su shi ne, duk buhun masarar da muka sha rana a kansa tun daga shuka, bayan a-kori-kura yake hawa kafin ya ga kasuwar Giwa ko ta Makarfi. Haka tumatirin fadamar Galma, haka rake, haka albasa. A saman lodin kuma ga mai kaya da ɗansa, ga mata biyu ko uku da suka roƙi a rage musu hanya.

Kakar bara na biyo wata tsohuwar a-kori-kura daga wani ƙauye a hanyar Soba, ina zaune gaba. Duk inda za mu tsaya sai direba ya taka birki sau uku: na farko ya wuce har ƙasa, na biyu ya ɗan kama, na uku ne ke tsayar da mu. Na ce, "Malam direba, wannan famfon fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ai Malam mun saba, ni da ita." Da muka tsaya wajen mai faci na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Bututun man birkin ƙafar baya ta hagu an datse shi, an buge bakinsa da guduma an lanƙwashe. Ya ce yoyo yake yi, sai oga ya kashe ƙafar kafin a samu kuɗi. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun kafin azumi. Da ƙafa uku muke tafe, buhuna har sun fi kan mota tsawo.

Motocin nan ba su yi mana laifin komai ba. Tun 1975 da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, 404 da 504 suke yi wa manoman ƙasar Zazzau bauta, ga tsofaffin Hilux da suka biyo baya. Sai dai irinsu an ƙera su ne don kaya wajen tan ɗaya, wato buhu goma na kilo 100. Ranar kasuwa ku tsaya Kwangila a Zariya ku ƙirga da kanku.

Aikin birki guda ne: ya mayar da gudun mota zafi. Ka ninka lodi, ka ninka zafin da zai sha kafin mota ta tsaya. Gudu ya fi muni, domin in ka ninka shi, zafin da tazarar tsayawa sau huɗu suke ninkuwa. Motar da ke kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Famfo uku na direbanmu ba zai gaza daƙiƙa biyu ba. Mita talatin da ɗoriya ke nan sun wuce birki bai fara aiki ba, kuma a gaban makarantar firamare mita talatin ba wasa ba ce.

Masu mota kan tambaye ni ko su canza birkin gaba ɗaya su sa na zamani. Nakan ce a fara dawo da wanda aka kashe tukuna. Mafi yawan tsofaffin motocin da na leƙa, ba ƙarfin birki ne ya yi musu kaɗan ba, rabinsa ne ba ya aiki.

A fara da man birki, don shi ne mafi araha kuma shi aka fi wulaƙantawa. Man nan yana shan danshin iska a hankali, ko da murfin a rufe yake. Sabon man birki mai lambar DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake saukowa wajen 140. Da zarar ya tafasa a cikin bututu sai ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, sai ƙafa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, in mota ta huce birki ya dawo garau. A kai ta gareji bakanike ya taka ya ce lafiya lau, daga nan a fara zancen sammu ko aljanun hanya. Tsohon mai ne kawai. Duk shekara biyu a zuƙe shi kaf, a zuba sabo daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka, a cire iska ƙafa bayan ƙafa.

Ruwan omo ba man birki ba ne. Na san yana iya kai mutum gida ranar da ya maƙale a daji, amma a digiri 100 yake tafasa, yana kuma cinye masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu, da tsatsa daga ciki. Baƙin mai ko man giya sun fi shi ɓarna, don kumbura duk robobin da ke ciki suke yi. Akwai kuma wanda aka rubuta wa DOT 5, ba a haɗa shi da 3 ko 4. Wata magana a gefe: man birki guba ne. A daina ajiye shi a robar lemo inda yara ke wasa, a daina kuma shafa shi a ciwo ko a ƙyasbi.

Sai a cire ƙafafu huɗun duka a gani da ido, ba a tsaya ga ji da kunne ba. Lainin, wato abin da ke gogar ƙarfe ya tsayar da taya, in man aksul ya jiƙa shi ya mutu, wanke shi da fetur ko babbaka shi a wuta ba ya dawo da shi, kuma sai an canza robar da ke yoyon in ba haka ba sabon ma zai jiƙe. Ana canza hagu da dama tare, in an canza ɗaya mota za ta riƙa fizga gefe. Duram da faifai, wato ƙarafan da ke juyawa da taya waɗanda lainin ke goga, kowanne da iyakar cinyewar da aka buga a jikinsa, in ya wuce nan ba sauran kai shi wajen mai injin gogewa. Tiyon roba da ke kusa da taya a lanƙwasa shi a duba, in ya tsattsage ko yana kumbura lokacin da aka taka, a cire. Bututun ƙarfe kuma da na ƙarfe irin na birki ake maye shi. Matsin da ke cikinsa in an taka da ƙarfi ya ninka iskar taya fiye da sau ashirin, don haka tiyon fetur da aka ɗaure da waya ba zai riƙe ba. A gyara birkin hannu. Weji da karen mota ke dirowa ya cusa, ranar da yaron ya yi tuntuɓe fa?

Akwai wani abu da ban taɓa jin ana maganarsa a tasha ba, kuma ya shafe mu kai tsaye. Da yawa cikin motocin nan suna da wani ɗan bawul a ƙarƙashi kusa da aksul na baya, da ɗan sanda ko sifirin da ya haɗa shi da aksul ɗin. Aikinsa auna lodi. In bayan mota ya zauna saboda nauyi, sai ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki. In ba kaya sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle mota ta juya. To mu me muke yi? Muna kai mota a ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku don ta ɗauki obalodi ba ta zauna ba. Bawul ɗin sai ya ɗauka motar wayam take, alhali buhu ashirin ke kanta, ya ci gaba da rage wa baya ƙarfi, duk wahalar ta koma ƙafafun gaba har su ƙone. Wani kuma tsatsa ta riƙe shi, wani an cire an yar don ba a san amfaninsa ba. Duk wanda ya ƙara sifirin, ya ce wa bakanikensa, "Oga, a duba min bawul ɗin lodi a saita shi." In ogan ya yi shiru yana kallonka, ka nemi wani. Ƙarin sifirin kansa bai ƙara wa birki ko ƙwayar zarra ba. Haka sa taya mai tsawo fiye da ta asali, rage wa birki ƙarfi take yi.

In an gama wannan duka, sannan a zo maganar ƙari. Abu biyu ne na ga sun cancanci kuɗin manomi.

Na farko masta mai layi biyu. Tsofaffin motoci sosai layi ɗaya gare su, ƙafa huɗu duk a kansa, bututu guda ya fashe ko'ina birki ya tafi baki ɗaya. Mai layi biyu, in ɗaya ya tsiyaye ɗayan zai tsayar da kai ko da da ƙyar. Tun ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci saboda wannan dalili.

Na biyu mayar da ƙafafun gaba daga duram zuwa faifai, ga motar da har yanzu duram ne gaba da baya. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar kaso mafi yawa na tsayawa, faifai kuma a buɗe yake, yana saurin hucewa, yana saurin bushewa in an ratsa ruwa da damina. Amma aiki ne na saiti guda. Masta ta duram tana barin ɗan matsi a layi, wanda in faifai ne zai sa birki ya riƙa ja yana zafi, kalifa kuma, wato abin da ke matse faifai, ta fi buƙatar mai. Don haka a samo kalifa, faifai, masta da bawul daga mota 'yar gida ɗaya, waɗanda ƙusoshinsu ke shiga ba tilas. In aka ce sai an kai wa mai walda ya ɗana ƙarfen da zai riƙe kalifa, ka ce a bar maka duram ɗinka. Duram lafiyayye ya fi faifan da aka liƙa da walda.

Taya ce ke taɓa ƙasa, birki komai kyansa ta cikinta yake bi. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 3519 na nufin mako na 35 a 2019. A karanta kafin a biya kuɗin taya 'yar gwanjo, ko da zanenta na nan raɗau.

Direbobi, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 sa mota a firi ya ƙaru, wasu har kashe inji suke yi a gangara. Baƙar tukunyar nan da ke bayan masta, mai ƙara wa takun birki ƙarfi, da inji take aiki. In ya mutu, taku biyu ko uku ya rage maka, daga nan birki ya zama dutse. A gangara da lodi a sauko da giya, inji ya riƙe mota, birki ya huta.

Ogannin gareji, ku ji tausayin yaranku. Tsohon lainin da wasu masu arha na iya ƙunsar asbestos, ƙurarsa in ta zauna a huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Yaron da ke hura duram da baki ko da iskar mai faci shi ke shaƙa. A jiƙa da ruwa a goge da tsumma.

Ranar karɓar mota, kafin a biya cikon kuɗi, mai ita ya zauna da kansa. Inji a kashe, ya taka har birki ya yi tauri, ya riƙe, ya tayar da inji: ƙafa ta ɗan sauka kaɗan, alamar tukunyar na aiki. Ya ci gaba da dannawa rabin minti, in ƙafa na nutsewa a hankali akwai yoyo ko masta ta gaji. Sannan a nemi miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a, ba kaya, a taka a kilomita 30 a ga ko tana fizga. A dawo a kusantar da hannu ga kowace ƙafa ba tare da taɓawa ba: wadda ta fi sauran zafi tana ja, wadda ke da sanyi ƙalau ba ta aiki. Sabon lainin yana son kwana biyu na tafiya a hankali kafin ya zauna, don haka a yi aikin tun masara na tsaye a gona, ba daren jajibirin kasuwa ba. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, a sa ta a wayar direba da ta yaron mota.