Zaren ajiya a fatsar ƙwaron jabu

Zaren ajiya siririn zare ne mai ƙarfi da ake fara naɗawa a kwarkwaron fatsa kafin a ɗora ainihin igiyar jifa. Ana amfani da shi a irin fatsar da ake yaudarar kifi da ƙwaron jabu, wanda ake haɗawa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya. Igiyar jifa tana da kauri da nauyi, amma tsawonta ba ya cika wuce mita 27 zuwa 30, kuma babban kifi yana iya kwashe ta cikin ɗan lokaci idan ya zabura. Daga nan sai zaren ajiya ya karɓi aiki. Yana kuma cika cikin kwarkwaron, don haka igiyar ba ta nannaɗewa sosai, kuma kowane juyi yana jawo ta da yawa.

An fi yin sa da saƙaƙƙen zaren Dacron, wani nau'in zaren roba. Mai ɗaukar nauyin laba 20, wato kimanin kilo 9, ya ishi kifin rafi kamar tirawut, kuma yadi 50 zuwa 100 ya wadatar. Masu farautar manyan kifayen teku kan sa mai laba 30, yadi 200 ko fiye. Akwai wani na robar foliyetilin wanda ya fi siranta, kwarkwaro yana cin sa da yawa, sai dai yana da santsi, yana kuma yanka yatsa idan kifi na gudu da shi.

Wurin haɗa shi da igiyar jifa ne ya fi buƙatar kula, domin dole ƙullin ya ratsa zobban sanda ba tare da ya maƙale ba. A ƙullin Albright, wanda ya samo suna daga Jimmy Albright, jagoran masunta a Fulorida ta Amurka, ana lanƙwasa bakin igiyar, a zura zaren ta cikin lanƙwasar, a naɗa shi a jikin lanƙwasar kamar sau goma, sannan a fito da shi ta inda ya shiga. A jiƙa kafin a ɗaure tamau, a datse bakunan. Wani ƙullin kuma, mai suna ƙullin ƙusa, ya fi na Albright siranta, amma fatar igiyar kawai yake kamawa. Kifi mai ƙarfi yana iya saluɓe ta. Yawancin igiyoyin zamani suna zuwa da madauki a ƙarshensu, sai a yi wa zaren babban madauki wanda kwarkwaro zai iya bi ta ciki, a sarƙe su. Wannan ya fi sauƙi ga mai yawan sauya igiya.

Wajen naɗi kuwa, ana riƙe zaren da ɗan ƙarfi ana kai shi gefe da gefe. Idan ya yi sako-sako, na sama yana nutsewa cikin na ƙasa ya cije daidai lokacin da kifi ke ja.