Gansakuka: ma'anarta, da abin da ke sauya launin ruwan wurin ninkaya

A watan Agusta na 2016, ana tsakiyar wasannin Olamfik a birnin Riyo na ƙasar Barazil, ruwan da 'yan wasan alkafura ke faɗawa ciki ya koma kore shar. Masu shirya gasar sun bayyana daga baya cewa an zuba sinadarin haidurojin feroksaid bisa kuskure, irin wanda ke kumfa idan ana wanke ciwo da shi. Shi ne ya karya ƙarfin kulorin, wato maganin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ƙananan halittu suka samu sarari. Babban kwamin da ke kusa ma ya kamu, sai da aka kwashe ruwansa aka zuba sabo.

Wannan koren shi ne Bahaushe ke kira gansakuka. Wanda ya taɓa leƙa tsohuwar randa ko kududdufi bayan damina ya san ta: tsanwa ce mai santsi da ke manne wa bango ko ta lulluɓe fuskar ruwa. Ba datti ba ce, halitta ce mai rai, kuma kamar tsiro da hasken rana take haɗa abincinta. Iska da ruwan sama da kayan masu wanka ne ke kawo ƙwayoyinta kullum, kulorin ne yake kashe su kafin su yaɗu. Da zarar ya yi rauni, kwana ɗaya ko biyu ya ishe ta ta mamaye kwami.

To me ke raunana shi? Na farko rana, domin haskenta na cinye kulorin cikin sa'o'i kaɗan, balle irin ranar bazara a Sakkwato ko Maiduguri. Sai gumi da fitsari da man shafawa. Ƙaurin nan mai yaji da ke sa ido ja, wanda mutane ke ɗauka alamar tsafta ce, yana fitowa ne bayan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari. Akwai kuma ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, wanda ake so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. In ya haura haka, kulorin na nan a cikin ruwan amma aikinsa ya ragu sosai.

Sai dai ba kowane kore ne gansakuka ba, kuma a nan masu kula da wuraren ninkaya kan yi asara. Shafa bangon da hannu. Idan da santsi, ruwan kuma ya yi dishi-dishi, gansakuka ce. Idan kuwa ruwan kore ne amma garau, har kana iya ƙirga tayil ɗin ƙasa, to zargi ya koma kan tagulla, wadda ke narkewa daga bututu in ruwa ya yi tsami da yawa, ko daga wasu magungunan kashe gansakukar kanta. Mai irin wannan ruwa in ya ƙara kulorin, launin ƙaruwa zai yi.

Haka ƙarfe yake. Ruwan rijiyar burtsatse kan fito tas alhali da ƙarfe narke a cikinsa. Ana zuba kulorin sai ya yi tsatsa, kwami ya koma ruwan ƙasa kamar shayi, tabo ya kama matakala. Ƙwayar bitamin C in aka goga ta a kan tabon ya dishe, ƙarfe ne. Manganis, wani ma'adini da shi ma kan narke a ruwa, shi kuma baƙi-baƙi ko ruwan shanshanbale yake bari. Fari-farin da ke kama da tsarkin nono yawanci matatar ruwan ce ta toshe, ko ƙurar hunturu, ko alli ya yi yawa a ruwan.

Shuɗin da ake sha'awa kuwa ba rini ba ne. Ruwa yana shanye jan haske ya bar shuɗin, farin tayil ya mayar da shi ga ido, shi ya sa ɓangaren zurfi ya fi turuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da ya gurɓace har ba a ganin ƙasansa, amma a bar yara su shiga. Gansakuka shaida ce cewa kulorin ya gaza, ke nan ƙwayoyin cutar gudawa da ciwon kunne ma sun samu wurin zama. Kuma yaro zai iya nitsewa a irin wannan ruwa mai gadi na tsaye a bakin kwamin bai gan shi ba.